Yadda ake samo amon fiyanon jaz na zamanin garmaho

"Assalamu alaikum. Ina haɗa kiɗa a kwamfuta, kuma an ba ni aikin kiɗan wani shirin tarihi a kan rayuwar baƙaƙen fata a Amurka cikin shekarun 1930. Ana son fiyanon ya fito kamar na manyan ƙungiyoyin jaz na lokacin, irin su Duke Ellington da Count Basie. Na zaɓi muryar honky-tonk, irin ta tsohon fiyanon mashaya mai wayoyi a karkace, na yanke sama da ƙasan sautin, na zuba ƙarar tsohon faifai a kai, amma da na kunna shi kusa da na asali sai na ji kamar wasan yara. Ina kuskuren yake? Ko dai sai da fiyanon katako na gaske?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: me ya sa dabarun da kowa ke yi ba su ba ka abin da kake nema ba, sannan ko dole sai ka nemo fiyanon katako. Ta biyun amsarta gajeriya ce, ba dole ba ne, ko da yake yana rage wahala. Ta farkon ce ke buƙatar zama, domin a nan ne kusan kowa, har da ni a farkon aikina, yake barin jaki yana dukan taiki.

Abin da kunnenka yake kira "tsohon fiyano" ba tsufan fiyanon ba ne. Fiyano ne lafiyayye, a hannun gwani, ajiye can nesa da makirufo, a ɗaki ɗaya da mutum 13 ko 14 masu busa da bugu, sannan aka sassaƙa sautin duka gaba ɗaya a kan faifan kaki. Ƙarar shuuu da ƙas-ƙas ɗin da ka zuba ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma ita ce mafi ƙarancin muhimmanci. Kai kuwa da ita ka fara. Kafin mu yi nisa: a wajenmu in an ce fiyano, kibod na lantarki ne ke zuwa a zuciya, irin Yamaha PSR da aka yi waƙoƙin fim da shi. A nan ina nufin na katako mai madannai 88, wanda ƙananan gudumomi ke dukan wayoyin ƙarfe a cikinsa.

Wace shekara kake nufi?

"Tsohon faifai" ba abu ɗaya ba ne. Tsakanin 1923 da 1940 an sami aƙalla amo uku da kurma ne kawai zai haɗa su.

Har zuwa 1925 babu makirufo a aikin ɗaukar faifai. Babban ƙaho ne na ƙarfe, makaɗa su taru a bakinsa, iskar sautinsu ta girgiza wani ɗan faranti, farantin ya motsa allurar da ke yanka kaki. Ba lantarki, ba ƙara murya, ƙarfin huhu da na hannu ne kawai. Wannan hanya tana kama abin da ke tsakanin Hz 250 da Hz 2,500 ne, kusan-kusan (Hz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa, ƙaramin adadi kauri, babba siriri). Ka duba abin da hakan ke nufi ga fiyano. C ta tsakiya tana kan Hz 261.6, kuma ita ce madanni na 40. Wato madannai 39 da ke ƙasanta, gidan hannun hagu kacokan, asalin muryarsu tana ƙasa da Hz 250, da ƙyar take shiga faifan. Abin da ke shiga shi ne 'ya'yan sautin da ke samanta, kwakwalwar mai saurare ce ke ƙarasa sauran. Shi ya sa hannun hagu a waɗannan fayafayan yake fitowa kamar ana ƙwanƙwasa katako. Don fiyano ya samu shiga ma sai an ɗora na tsaye a kan dandamali, a juya bayansa ya fuskanci bakin ƙahon. Ka saurari Lil Hardin a ƙungiyar King Oliver, a fayafayan da suka yi a 1923 a kamfanin Gennett da ke Richmond ta jihar Indiana, situdiyon da ke gefen layin dogo, inda ake dakatar da aiki in jirgi zai wuce. Za ka ji fiyanon kamar yana ɗakin maƙwabta.

A 1925 kamfanonin Victor da Columbia suka karɓi tsarin lantarki na Western Electric. Makirufo ya shigo, faɗin sautin ya buɗe daga wajen Hz 100 zuwa wajen 5,000. Wannan ne amon Fletcher Henderson na ƙarshen shekarun 1920, da na Ellington lokacin da ya shiga gidan rawa na Cotton Club a Harlem a Disambar 1927, da na Earl Hines da ya kafa ƙungiyarsa a Grand Terrace ta Chicago a ƙarshen 1928. A wannan zangon ne aka fara ajiye tuba ana ɗaukar bas mai tsirkiya, aka ajiye banjo aka ɗauki jita, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yanzu na'ura tana iya jin su.

Na uku shi ne na shekarun 1930, bayan kamfanin RCA ya fito da makirufonsa mai zirin alminiyam, samfurin 44, a farkon shekarun. Sautin ya yi kauri, ya yi laushi, samansa ya ƙara buɗewa. Wannan ne zamanin da Benny Goodman ya tashi bayan wasansa a gidan rawa na Palomar a Los Angeles a Agustan 1935, kuma a cikinsa Basie ya fara yi wa kamfanin Decca faifai da babbar ƙungiyarsa a Janairun 1937. Tunda shirinka na shekarun 1930 ne, nan ne gidanka. Ina zargin ka yanke sautinka irin na 1923, ka zuba ƙarar faifan roba na shekarun 1960, ka kwatanta da faifan 1938. Ba za su taɓa haɗuwa ba. Ka zaɓi faifai ɗaya tak, na shekara ɗaya, na kamfani ɗaya, ka ɗora shi a layi na farko a manhajarka, duk abin da ka taɓa ka koma ka ji shi.

Hannun da ke kaɗawa

In da za a ce in raba maki ɗari, fiye da rabi a nan zan zuba su, kuma babu fulogin, wato 'yar manhajar sarrafa sauti, da ke sayar da shi.

Makaɗan fiyanon waɗannan ƙungiyoyi da yawansu daga salon stride na Harlem suka fito, salon James P. Johnson da Willie "The Lion" Smith da Fats Waller. Ellington a wajensu ya ɗauko hannu, Basie kuwa Waller ne ya koya masa wasu abubuwan da kansa. A wannan salo hannun hagu ba ya hutawa: a bugu na 1 da na 3 ya sauka can ƙasa ya danna sauti ɗaya, ko oktaf (sauti da na takwas a samansa tare), ko tazarar goma (sauti da na goma a samansa), a bugu na 2 da na 4 ya yi tsalle ya dawo tsakiya ya danna kod, wato sautuka uku ko fiye a tare. Ƙasa, tsakiya, ƙasa, tsakiya, kamar matan da ke daka bibbiyu a turmi ɗaya. Hannun dama kuma yana sama yana ado.

Abu na farko da ke tona asirin mai kwaikwayo shi ne irin kod ɗin da yake dannawa. Wanda ya koyi jaz a intanet yakan koyi kod ɗin da aka cire musu tushe, irin na Bill Evans, ko waɗanda aka jera hurhuɗu irin na McCoy Tyner. Waɗannan na ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 ne. Ka sa su a kiɗan 1937, kamar ka nuna agogon hannu mai batir a fim ɗin zamanin Shehu. Na wancan lokaci tushensu na nan a ƙasa, kod ɗin gida yakan zo da na shida a kai maimakon babban na bakwai, ana yawan bi ta kod ɗin diminish a tsakanin biyu, sai na bakwai da na tara. Ellington yakan kutsa wasu sautuka masu karo da juna da gangan, amma wannan nasa ne, sai ka ƙware a na gama-gari tukuna.

Na biyu feda ce, wadda ake takawa don sauti ya daɗe yana amo. Ka ɗage ƙafarka. Mai stride ɗan taɓa fedar yake yi ya saki, domin in ya riƙe ta, tsallen hannun hagu sai ya zama kunu. Yawancin abin da mutane ke ji a matsayin "bushewar tsohon fiyano" rashin feda ne kawai.

Na uku shi ne sanin cewa babu mai ƙara wa fiyano murya. Mutum ɗaya ne da yatsu goma a gaban kakaki uku ko huɗu da turombon biyu ko uku da saksofon huɗu. Kowane gwani da dabarar da ya samo ta tsira. Earl Hines yana kaɗa layin waƙar da oktaf a hannun dama, ya girgiza ƙarshen jimla, har aka riƙa kiran salonsa salon kakaki. Teddy Wilson yana tafiya da tazarar goma a hagu, sumul, dama kuma tana zuba sauti ɗaiɗai masu tsabta. Basie, wanda a fayafayan Bennie Moten na Disambar 1932 yake cika ko'ina da yatsu, daga baya sai ya bar wa Walter Page mai bas da Freddie Green mai jita da Jo Jones mai ganga aikin riƙe bugu, shi kuma ya koma can saman madannai yana ɗiga sauti biyu ko uku a inda aka bar gurbi. Ba rowa ba ce. A saman ne fiyano ke iya huda taron ya fito. Mary Lou Williams a ƙungiyar Andy Kirk ita ma darasi ce mai zaman kanta wajen yadda hagu mai nauyi ke zama da dama mai sauƙi.

In da MIDI kake aiki, wato kana rubuta dannawar madannai a kwamfuta, kar ka bar kwamfuta ta daidaita maka bugun ɗari bisa ɗari. Ni nakan bar ƙarfin dannawa tsakanin 60 da 95 daga cikin 127, hagu ƙasa da dama kaɗan, kuma tazarar goma nakan mirgina ta, na ƙasa ya riga na sama da ɗan ƙiris, yadda mai gajerun yatsu zai yi. In kuwa ba ka iya stride ba, ka nemo wanda ya iya ka biya shi na minti uku. Ya fi maka arha a kan mako guda kana jan ɗigo da linzami.

Akwai kuma tsarin waƙar. Faifan inci 10 mai juyi 78 a minti yana ɗaukar kimanin minti 3 ne a kowane gefe, don haka rabon mai fiyano bai cika wuce gaɓa 8 ko 16 masu bugu hurhuɗu ba, in ya yi sa'a 32. Idan lokacinsa ya zo masu busa sukan yi shiru ko su koma can ƙasa, mai ganga ya sassauta. Da zarar sun dawo, fiyano ya nutse, ya narke cikin jita da bas ya zama bugu kawai. Wannan ita ce jarrabawar da nake ba masu koyo a wajena: in kakaki na busawa da ƙarfi amma kana jin kowane yatsan mai fiyano tar, to ba 1937 kake ba.

Batun honky-tonk

Ka sauke wannan muryar. Ita ce ta 4 a jerin General MIDI, jerin muryoyin bai-ɗaya na kibod da kwamfuta, shi ya sa take kusa da hannun kowa, amma ba ta gidan nan ba ce. Amon fiyano mai wayoyi a karkace, wani lokaci har da ƙusoshin allo a kan gudumomi, ya yi tashe ne a shekarun 1950 a hannun irin su Joe "Fingers" Carr a Amurka da Winifred Atwell a Ingila, waɗanda suke kwaikwayon mashayar da can da gangan don nishaɗi, finafinan kaboyi kuma suka ƙara kafa shi a kunnen duniya. Victor da Columbia da Decca manyan kamfanoni ne, a ɗakunansu ake ɗaukar mawaƙan opera da gwanayen kiɗan gargajiyar Turai. Fiyanon kwance suke ajiyewa, kuma akwai mai saita shi. A gidajen rawa na kan hanya kam makaɗa sun sha fama da fiyano marasa lafiya, amma ba su ne aka ɗauka a faifai ba.

Yawancin madannan fiyano wayoyi uku-uku gare su, ƙasa-ƙasa bibbiyu, can ƙarshen kauri ɗaiɗai. Muryar honky-tonk tana raba waɗannan wayoyin da juna sosai har su riƙa kaɗawa. Abin da kake so shi ne rabuwa 'yar kaɗan, santi 1 zuwa 3 a ma'aunin da ke raba tsakanin madanni da maƙwabcinsa gida 100, irin ta fiyanon da aka saita da safe aka wuni ana duka. Ka ɗauki fiyanon kwance matsakaici, ba dogon nan na zauren kiɗa mai ƙafa 9 ba, mai gudumomi da ɗan tauri don bakin sautin ya fito. Manhaja irin Pianoteq, wadda ke lissafa sautin maimakon kunna abin da aka ɗauka, tana ba ka damar taɓa taurin guduma da tazarar wayoyi da wurin ajiye makirufo. In samfur kake amfani da shi, wato sautin fiyanon gaske da aka riga aka ɗauka, ka kashe ƙarar feda da ta sakin madanni da duk wani motsin katako. Waɗannan sai kunnen da ke cikin fiyanon ke jin su, makirufon 1937 kuwa bai taɓa leƙa ciki ba.

Nisa

Ga inda aikin injiniya yake. Fiyanon da ke cikin kwamfutarka an ɗauke shi ne da makirufo biyu ko fiye, tazarar taki ɗaya daga wayoyi, kauri a kunnen hagu, siriri a kunnen dama, faɗinsa ya cika kai. A wancan zamani makirufo ɗaya ne, ko 'yan kaɗan, ga ƙungiya duka, kuma komai yana tafiya layi ɗaya zuwa allura ɗaya. Ba a daidaita murya da maɓalli kamar yanzu, da ƙafa ake daidaitawa: masu kakaki su ja baya, masu saksofon su matso, mai solo ya taso ya zo gaba ya koma. Makirufo mai ziri yana ji ta gaba da ta baya, ba ya ji ta gefe, don haka ana iya zaunar da rukuni biyu suna fuskantar juna shi yana tsakiya, mai ganga kuma a tura shi gefen da ba ya ji. Ko da an ba fiyano nasa makirufon, kakaki na shiga cikinsa, shi ma yana shiga na wasu.

Nisa yana yin abu uku. Yana cinye kaifin bugun guduma, yana rage kaurin da kusanci ke ƙarawa, sannan yana cakuɗa sautin da abin da bango ya maido. Babu ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage kauri da sirantakar sauti, da ke yin ukun nan tare.

Na taɓa ɓata kwana huɗu a kan irin aikinka, ina jera fulogin a kan fulogin, kwalliya ta ƙi biyan kuɗin sabulu. Ranar ta biyar, don takaici, na fito da lasifika ɗaya na ajiye a wani falo mai labule da kafet da kujerun katako, na kunna fiyanon a bushe ta cikinta, na kafa makirufo ɗaya a tazarar mita 3, ɗan sama da kai, ba ya kallon lasifikar kai tsaye. Ɗauka ta farko ta fi duk abin da na yi a kwana huɗun. Daga baya na gane cewa in na kunna dukkan ƙungiyar ta wannan hanyar, rukuni-rukuni, ina matsar da lasifikar gaba ko baya gwargwadon inda kowa zai zauna, makirufon kuma bai motsa ba, sai su zama 'yan ɗaki ɗaya. Ka gwada. Ka guji ɗaki mai tayil da siminti tsirara, amsa-kuwwarsa tana da kaifi irin na banɗaki. Ka kashe fanka, ka jira janareton maƙwabta ya yi shiru. In kana da makirufo mai ziri, madalla. In babu, na hannu irin na mawaƙa ya fi makirufon situdiyo irin kondensa mai ƙyalƙyali dacewa da wannan aikin.

In ba halin yin haka, ka mai da fiyanon mono, wato layi ɗaya, ba hagu da dama ba. Amma kar ka haɗe hagu da dama kai tsaye, wasu sautukan za su kashe juna ya koma kamar ta cikin bututu. Ka ɗauki gefe ɗaya, ko makirufon ɗaki in samfurin yana da shi. Sai ka sa amsa-kuwwar ƙaramin ɗaki, gajeriya, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ita ma mono, kuma kowa da kowa ya bi ta cikinta. Akwai fayafayan da aka yi a manyan wurare, kamar Liederkranz Hall a New York ko tsohuwar majami'ar da Victor ta mayar situdiyo a Camden, waɗanda ke da iska fiye da haka, amma yawancin na Decca na lokacin a bushe suke. Faifan da ka zaɓa ne zai gaya maka.

Abin da faifai ke ci

Sai yanzu muka iso wurin da ka fara. Doka ɗaya ce a nan: duk abin da za ka yi, a kan haɗaɗɗen kiɗan za ka yi shi, ba a kan fiyano shi kaɗai ba. Allura ba ta san wane ne fiyano wane ne kakaki ba. In ka tsufar da fiyano ka bar ganga da bas sababbi fil, kunne zai kama ka nan take.

Ga inda nake farawa in ina neman ƙarshen shekarun 1930: in yanke ƙasa da Hz 80, in fara gangarar da sama daga wajen 5,000 ta yadda zuwa 8,000 babu abin kirki, in ɗan ɗaga tsakiya tsakanin 1,000 da 2,500. Na 1927 zuwa 1931, in matse zuwa 120 da 4,500. Waɗannan mafari ne, ba aya ba. Kafin a daidaita kan ma'aunin bai-ɗaya na kamfanonin faifai, wato RIAA, a 1954 kowane kamfani da yadda yake rage kauri wajen yanka, saboda haka faifai ɗaya yana iya fitowa da kauri ko a rame gwargwadon wanda ya juyo shi zuwa dijital. Kuskuren da aka fi yi shi ne yankewa da yawa har ya koma muryar tarho. Faifan 1938 mai kyau yana da jiki, bas ɗin Walter Page ana jin sa sarai.

Bayan haka ɗan ƙuna kaɗan, irin na bawul, kwalaben lantarkin tsofaffin na'urori, wanda ba ya bayyana sai an buga da ƙarfi. A fayafayan asali in kakaki suka taso gaba ɗaya sai ka ji sautin ya ɗan tsage a baki, in suka sauka ya koma sumul. Kwamfuresa kuwa, mai danne sauti in ya yi ƙarfi, a yi hankali da ita. Injiniyan lokacin da hannu yake rage murya in ya ga babbar gaɓa na tafe, don kar allura ta tsallaka cikin layin da ke kusa ta lalata kakin. Ni ma da hannu nake zana hawa da saukar, a hankali, maimakon in bar na'ura tana numfashi a kan kowane bugu.

Yanzu ga sirrin da ya fi shafar fiyano. Ramin tsakiyar faifai ba ya cika zama a tsakiya daidai, don haka a kowane juyi muryar takan ɗan hau ta ɗan sauka. Juyi 78 a minti yana nufin sau 1.3 a daƙiƙa. Faifan roba na LP, wanda Columbia ta fito da shi a 1948, juyinsa 33 da sulusi ne, lilonsa kusan sau ɗaya a daƙiƙa biyu. Yawancin fulogin na "tsohon faifai" a kan na LP suke buɗewa. Irin iZotope Vinyl yana da wurin zaɓar 78, ka tabbata ka juya shi. Mai kakaki da mai saksofon suna girgiza muryarsu da kansu, lilon yakan ɓuya a ciki. Fiyano ba ya girgiza, in an danna shi a miƙe yake tafiya har ya mutu, shi ya sa a kansa lilon ke fitowa fili. Wannan ne mutane ke ji su ɗauka fiyanon ne ba a saita ba, su ruga su ɗauko honky-tonk. Bambancin shi ne a honky-tonk wayoyi ne ke faɗa da juna, a faifai kuwa ɗakin ne gaba ɗaya ke lilo tare. Santi 3 zuwa 5 ya isa. In har mai saurare ya lura da shi, ya yi yawa.

In kana son ƙarin gishiri: a bakin faifan inci 10 layin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan mita ɗaya a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa bai kai rabin haka ba. Don haka ƙarshen waƙa ya fi farkonta dushewa da tsagewa. Nakan sa saman sautin ya riƙa rufewa sannu a hankali cikin minti ukun. Ba wanda zai ce ga abin da ka yi, amma za a ji shi.

Sai ƙara. Faifan garmaho da shalak ake yin sa, wani irin ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta, a cakuɗa da garin dutse. Garin nan ne ke ba da shuuu mai ɗorewa, mai yashi-yashi, wadda ita ma take ɗan hawa da sauka tare da juyi. Ƙas-ƙas da ɗas-ɗas kuwa raunukan shekaru sama da 80 ne da allurar ƙarfe, wanda ya sayi faifan sabo a 1938 bai ji su haka ba. To ka tambayi mai shirin: so yake a ji kamar muna cikin 1938, ko kamar mun tsinci faifan a akwatin kaka? In na farko ne, shuuu kaɗan ta wadatar. Ka bi da ita ta ikwalaizar da kiɗan ya bi, mono, ka sauke ta har sai ka daina lura da ita in ana kiɗa, ta riƙa bayyana a wurin shiru kawai. Tunda ma za a ɗora muryar mai bayani a kai, ƙara mai yawa gaba za ta yi da maganarsa.

Wani gargaɗi game da abin da za ka kwatanta da shi: da yawa daga cikin waɗanda ke YouTube an wanke su da manhajar cire ƙara har fiyanon ya koma kamar ana kaɗa shi a ƙarƙashin ruwa, wasu kuma an ƙara musu amsa-kuwwar ƙarya da sitiriyon ƙarya tun a shekarun 1960. Kar ka kwaikwayi ɓarnar mai gyara. Ka nemi wanda aka bar masa 'yar ƙararsa, shi ne yawanci saman sautinsa ke nan da rai.

Inda dabara ta tsaya

Ni ban taɓa yanka kaki da hannuna ba, aikina a kan kwamfuta da ɗaki da makirufo yake, da kuma juyo tsofaffin fayafayai. Da wannan hanyar nakan kai inda mai kallon shiri ba zai tsaya ya yi tambaya ba, amma wanda ya shekara 30 yana tara fayafayan 78 zai gane cikin daƙiƙa goma. Abin da ke tona mu ba fiyanon ba ne galibi, masu busa ne. Kakaki da saksofon na kwamfuta ba sa numfashi tare, ba sa jingina da juna yadda mutum 14 da suka kwana a mota ɗaya suna yawon gari-gari suke yi, kuma a wancan lokaci ba a gyara kuskure, in an ɓata sai a ɗauko sabon kaki a sake daga farko, wannan tsoron ma yana cikin amon.

Saboda haka in kasafin aikin bai kai ga ɗauko masu busa na gaske ba, ka rage buri ka ƙara inganci. Ka rubuta gaɓar a matsayin fiyano da jita da bas da ganga mai burushi kawai, irin fayafayan da Basie ya yi wa Decca da 'yan bugunsa uku a 1938 da 1939, ka ajiye masu busa su shigo sau ɗaya ko biyu a taƙaice, daga can baya. In kuma ka sami fiyanon katako a wata makaranta ko majami'a ko otal, ko na tsaye ne, ka kira mai saiti kwana ɗaya kafin ɗauka, ka buɗe murfin, ka ja shi daga jikin bango, ka auna mita 2 zuwa 3 ka kafa makirufonka ɗaya a nan.